Minti Ukun Baba

Da aka sanar a rediyo cewa kwamitin gyaran kundin tsarin mulki zai zo Tamale jin ra'ayin jama'a, Baba ya tashi zaune kamar an kira sunansa. Tsohon malamin firamare ne, kuma magana ɗaya ce ke cinsa: don me Accra za ta naɗa mana shugaban gunduma, mu da muke zaune a garin?

Yana da dalili. Kwalbatin layinmu a unguwar Aboabo ta rufta tun ina budurwa. Duk damina ruwa sai ya shigo mana har ɗaka, cikinsa Inna ta zame ta karya ƙugu, ba ta ƙara tafiya ba har ta rasu. Baba ya yi ta sintiri ofishin gunduma, amsa ɗaya ce, sai Accra ta sa hannu. Yakan ce wanda ba ku zaɓa ba, ba ya jin kunyarku.

Wata biyu yana rubuta takardarsa, yana karanta mini ina tuƙa tuwo. Har na gaji na ce, "Baba, ai ko akuyarmu ta haddace." Ya yi dariya, ya sake daga farko.

Ranar taron na goya shi a babur ɗina. An ce kowa minti uku. Na raɗa masa, "Don Allah ka shiga magana kai tsaye." Ya ce to.

Amma da ya karɓi lasifika ya ga sarakuna a jere, ga limamai, ga sarkin zango, sai tarbiyya ta rinjaye shi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida sarakunan da harshensu na Dagbanci ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ga limamai, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Ni kuwa ina kujera ina ta duba agogo. Ya buɗe takardar ke nan aka kaɗa ƙararrawa.

"Alhaji, lokaci ya ƙare," in ji wata 'yar gayu mai riƙe da agogo.

Baba bai yi gardama ba. Ya yi godiya, ya ninke takardar, ya nemi takalminsa. Wasu samari a baya suka yi dariya, kuma har yau ban yafe musu ba. Ko sunan Inna bai kai ga ambata ba.

A hanya ban ce masa uffan ba, haushi ya cika ni. Wannan shirun nawa shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin bai ga wata daminar ba. Sai da muka kusa gida ya dafa kafaɗata, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Uwata, ban dai tsallake kowa ba ko?"

Na ce, "A'a Baba, kowa ka gaishe shi."