Jirgin Malam da Rufin Ɗakina

Ruwa na ɗiga kan gadona, maigidana kuwa yana zaure yana feƙe 'yan sanduna. A Ƙofar Doka ne, shekarun tamanin. Wai ƙaramin jirgin ruwa na katako yake haɗawa, mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba.

Na ce, "Malam, gara ta cinye azarar ɗakina."

Ya ce, "Yi haƙuri. In sandunan nan ba su zauna daidai ba, daɓen jirgin zai lotsa."

Alhamdulillahi, daɓen jirgi bai lotsa ba. Rufina ne ya rufto kan kwanukana.

Da ya leƙo, ya tarar ɗakin ya cika da ruwa, na ce, "Ruwa ya samu, kawo jirgin mu hau."

Allah ya jiƙansa. 'Yan'uwana mata, naku mazan wane jirgi suke sassaƙawa?