Kujerar da Aka Ba Unguwarmu

Kawuna mai aski ne, kuma idan ka zauna a kujerarsa to da yarenku zai gaishe ka, ko da kuwa zai kwaɓa shi. A unguwarmu kowane layi da harshensa, kowane gida da irin ƙamshin girkinsa. Shi kansa Kawu haɗin gambiza ne: uba daga can, uwa daga nan, matarsa kuma daga wani wurin dabam. Shi ya sa ake ce masa Na-kowa, ya kuwa yarda da sunan har zuciyarsa, bawan Allah.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ciwon suga ya taɓa mata ƙafa. A ƙaramin asibitin da ke bayan shagonsa ake wanke mata gyambon, ta dafa kafaɗarsa su taka a hankali su dawo kafin mai jiran aski ya ƙosa. Sai kwatsam aka ji ƙaramar hukuma za ta rufe asibitin, wai a koma babban da ke can ƙarshen gari, inda sai an hau mota biyu.

Kawu ya ajiye almakashi ya shiga unguwa tara jama'a don a hana rufewar. Ya je wajen direbobin tasi, ya je wajen mata masu kayan miya, ya tsaya a ƙofar masallaci, ya tsaya a ƙofar coci. Mutanen da suka shekara ba sa ga-maciji saboda wurin ajiye mota sai ga su a benci ɗaya. Ranar da suka cika harabar majalisar ƙaramar hukuma, ni kaina sai da na yi ƙwalla. Kawu na gaba, wannan ya faɗa ya fassara, wancan ya faɗa ya fassara, muryarsa har ta dushe.

Kansila ya fito yana murmushi. Ya ce ya ji daɗin ganin haɗin kanmu, kuma daga yau an ba unguwarmu kujera a kwamitin lafiya, mu zaɓi mutum ɗaya ya zauna a kanta. Aka yi ta tafi. Da na san abin da ke tafe da ban ɓata tafin hannuna ba.

Mutum ɗaya! Nan fa aka tuna da asali. Direbobi suka ce su suka fi yawa. 'Yan layin sama suka ce su suka fara zama a unguwar. Wani mai sayar da wayoyi, wanda ko ƙofar asibitin bai sani ba, ya fara zuwa taro da babbar riga. Wata malamar makaranta ta miƙe ta ce me ya hana a ba Na-kowa, tunda shi ya tara mu. Can wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, “Mutumin kirki ne, babu shakka. Amma shi na wane ɓangare ne?”

A hanyar gida na ce, “Kawu, ka ji fa abin da suka ce!”

Ya ce, “Bar su, 'yata. Ko wa suka ba, in dai zai buɗe baki.”

Ba su ba kowa ba. Taro ya bi taro, ana tashi baram-baram. Ranar da kwamitin ya zauna kan maganar asibitin, na raka Kawu muka zauna a bencin 'yan kallo. Ga kujerar unguwarmu can, an ajiye mata ruwan gora, babu kowa a kai. Kawu ya ɗaga hannu har ya gaji. Sakatare ya ce masa a yi haƙuri, wakili kaɗai ke da izinin magana. A gabanmu aka amince da rufewar, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan an sa wa asibitin kwaɗo ne 'yan unguwa suka daidaita a kan mai wayoyi. Ranar da za a gabatar da shi ya shigo shago da fara'arsa ya ce a gyara shi. Kawu ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna inji. An kai rabin kai sai mutumin ya ce, “Yauwa Baba, ku da kuka san unguwa, wace matsala zan fara kai musu?”

Kawu ya kashe injin. Ya rataye shi a ƙusa, ya ɗauki sandar Inna da ke jingine a bayan ƙofa.

“Baba, ba ka gama ba!”

“Lokacin wankin ƙafarta ya yi, kuma da nisa,” in ji Kawu. “Zauna ka jira mu.”