Na Gyara Mata Hausa Har Ta Daina Magana

Assalamu alaikum Edita, da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara goma sha tara, na gama sakandare ina zaune a gida ina jiran sakamako. A Tishigu muke, cikin Tamale, a babban gidan haya mai ɗakuna zagaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Akwai Dagomba masu garin, akwai mutanen kudu, akwai mu da kakanninmu suka zo fatauci suka zauna. Hausa ce ta haɗa mu, irin tamu ta nan, wadda ake barbaɗa wa Dagombanci da yaren Asante da Turanci. Ni kuwa kunyarta nake ji. Dalili, a wani biki wata baƙuwa daga Najeriya ta ji ina magana ta ƙyalƙyale da dariya, ta kira ƙawarta ta ce in maimaita su ji, wai wannan Hausa ce ko ƙanwarta. Daga ranar na liƙe wa rediyo da finafinai, ina gyara bakina a gaban madubi, har 'yan gida suka sa mini suna 'yar Kano, ni da ban taɓa wuce garin Bolga da ke nan arewa da mu ba.

A ɗakin da ke jikin namu wata nas take haya, Kirista ce daga kudu, an turo ta aiki wani ƙaramin asibiti ta wajen Lamashegu. Kowa Sista yake kiranta. A kasuwa ta tsinci Hausarta, kuma ba ta jin nauyin watsa ta. Kowa kai ne a wajenta, har kakata mai furfura. Da yamma takan kifa turmi ta zauna cikin mata, ta duba idon wannan yaro, ta yi wa waccan faɗa a kan rigakafi, ta ce wa matar yayana idan ta sake bai wa 'yarta jiƙo za ta kama shi ta kulle shi. Mata su yi ta shewa suna cewa wane ne shi ɗin, ita ma ta tafa hannu. Amma fa abin da ta ce shi suke yi. Ban lura da wannan ba sai daga baya.

Wata rana ta same ni ina wanki ta ce ta ji an ce a gidan nan ni ce mai Hausar asali, in taimaka in koya mata, ta gaji da zama abin dariya. Wallahi kaina ya kumbura. Na sayi jan biro da littafi. Na kafa mata doka: idan ta yi kuskure a tsakiyar zance, ta tsaya ta koma farko. Na ce mata abin da matan gida ke yi ba Hausa ba ce, tarkace ne, ta rage zama da su kada su ƙara ɓata mata harshe. Idan na ji ta a bakin famfo ta kira mace da kai, sai in yi gyaran murya daga ɗaki. Ba a yi wata uku ba ta koma sai ta kalle ni kafin ta buɗe baki. Daga nan ta koma gaisuwa kawai, tsaf kamar a littafi, ta shige ɗaki. Turmin ya zauna babu kowa. Mata suka ce Sista ta yi girman kai. Matar yayana ta ce yanzu idan Sista ta gaishe ta jira take ta ji ta ce ƙarshen labaran ke nan. Ni kuwa daɗi nake ji, a ganina ɗalibata tana ci gaba.

Ranar wata Talata bayan la'asar na dawo daga kasuwa, tun daga zaure na ji kururuwa. 'Yar yayana, mai shekara biyu, ta ɗauki robar ruwa da aka zuba kananzir a ciki ta kurɓa. Na tarar mata sun yi dafifi a kanta, uwar ta danne ta a cinya, wata maƙwabciya ta ɗebo manja a ludayi, don a nan abin da aka sani ke nan, a ɗura wa yaro manja ya amayar da gubar. Sista tana tsaye a bayansu da kayan aiki a jikinta, shigowarta ke nan. Ta san amai shi ne haɗarin, domin kananzir ɗin zai iya gangarawa huhu. Na ji ta fara magana a hankali, tana cewa tana roƙonsu da su dakata domin bai kamata, sai ta tsaya. Ta hango ni. Ta koma farko. Edita, da idona na gan ta tana neman kalmar da ba zan yi wa gyaran murya ba. Ba wadda ta waiwayo. Wata ma ta ture ta da gwiwar hannu ta ce a ba su wuri, ba lokacin karanta labarai ba ne. Ni kuma da ya kamata in yi ihu a madadinta, ban san manja na da illa ba, na tsaya kallo, ledar tumatir na hannuna. Aka ɗura. Yarinya ta yi amai, ta shaƙe, ta fara wani tari da ban taɓa jin irinsa ba, leɓenta ya canja launi.

A nan ne Sista ta fashe. Tsohuwar Hausarta ta dawo gaba ɗaya, da ƙarfi, da yaren Asante a ciki. Ta daka wa uwar tsawa ta ce kai bar shi, kai kashe shi ne, ta fizge ludayin ta jefar, ta nuna kakata ta ce kai kawo zane, ta nuna wata ta ce kai gudu kira mai babur yanzu yanzu. Abin da har gobe yake ba ni mamaki, nan take kowa ya bi. Kamar muryar da suka sani ce ta dawo daga tafiya. Ta kwantar da yarinyar a gefe ɗaya, ta cire mata rigar da ta jiƙe, ta rungume ta suka hau babur, mu muka bi a keke mai ƙafa uku.

Kwana shida yarinyar ta yi a babban asibiti da robar iska a hanci. Likita ya ce kananzir ɗin da ta sha ba shi da yawa, aman ne ya kai shi huhu. Da na ji haka na fita baranda na tsuguna, don na san minti nawa Sista ta ɓata tana komawa farko, kuma na san wanda ya koya mata komawa farkon. A kwanakin jinyar na zama mai kasa kunne. Likitan da kansa Hausarsa ta fi ta Sista karyewa, amma tsofaffi na gyaɗa masa kai suna bin abin da ya ce. A gadon kusa da mu akwai wata mata mai jinyar ɗanta, haifaffiyar Sakkwato, aure ya kawo ta. Na matsa kusa don in ji Hausar asali daga bakin mai ita, sai na ji ba irin ta rediyona ba ce. Na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce ai su ma idan suka je Kano tsokanarsu ake yi, su kuma su rama, kuma ita ba ta taɓa ganin garin da aka ajiye Hausar asali a cikin tulu ba. Ta ce in na gano garin in aiko mata, ta je ta ɗebo.

Tun daga nan tambayoyi suka hana ni sakat. Wace ce mai harshen, wadda aka haifa a cikinsa ko wadda ta ce a bari aka bari? Me ya sa dariyar baƙuwa ɗaya ta fi mini nauyi a kan maganar uwata da kakata? Har yanzu ban gama samun amsa ba. Na je na ba Sista haƙuri ina kuka. Ta ce ba ni na zuba kananzir a robar ruwa ba, kuma ta ƙaru da ni, yanzu tana iya rubuta wa marasa lafiya bayani. Sai dai ta ce in riƙe jan birona, littafin ya ishe ta. Ta koma kan turminta. Kakata ta ce mata maraba da dawowa, kai.

Alhamdu lillahi yarinya ta warke, amma ni har yau idan na ji warin kananzir sai in bar wurin, kuma ban iya kallon manja a ludayi. Ina kira ga duk mai koya wa wani harshe, Hausa ne ko Turanci ko Larabci: ka ƙara masa a kan abin da yake da shi, kada ka ƙwace na hannunsa. Ka fara tambayarsa da wa zai yi magana. Gyara ba laifi ba ne, amma gyaran da ya sa mutum tsoron bakinsa zai iya tashi a ranar da rai ke jiran kalma ɗaya. Iyaye kuma, don Allah a daina zuba kananzir a robar ruwa, in kuma tsautsayi ya faru kada a sa yaro amai, a ruga asibiti.

Yarinyar yanzu bakinta ya buɗe, kuma a cinyar Sista take yini. Jiya ta ja mini zane ta ce kai, ba ni ruwa. Na ji gyaran muryar nan ya taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye shi, na ɗebo mata ruwan.