Ƙugiyar da Na Ƙi Sakawa

Duk littattafan da na tace a rayuwata, babu abin da ya zauna mini a rai kamar wata ƙugiya guda da na ƙi saka wa wani harafi a Tambuwal. Wannan rana ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

Kafin nan babu aikin da ban taɓa ba. Na rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa, na buga keken rubutu, na koyar a firamare a Kebbe, har na bi masu yi wa shanu allura ruga-ruga ina riƙe musu rajista. Yayana kan ce, "Kai dai aiki ba ka ci nai, ɗanɗanawa kaka yi." Maganar tana yi mini ciwo. Shi ya sa da wata ƙungiya mai buga wa manoma littattafai ta nemi edita, sai na ɓoye tarihina, na rubuta koyarwa kaɗai a takardar neman aikin.

Mu huɗu muka zauna jarrabawa, sauran ukun duk masu digiri ne. Wani dattijo mai gilashi ya raba mana shafi guda, hira ce da wani makiyayi kan kiwon raguna, ya ce mu gyara. A tsakiya na ci karo da "Gero nika ba su da safe." Na saci kallon na kusa da ni, na ga ya ɗora wa kalmar "nika" ƙugiya ta koma "niƙa". Mai digiri fa! Na ɗaga alƙalami zan bi sahu, sai na ji muryar makiyayan Kebbe a kunnena. Na bar ta yadda take.

Dattijon ya duba takardun, ya tsaya a tawa. "Malam, mi ya hana ka gyara wagga kalma?"

"Ranka shi daɗe, ba kuskure ba ne. Cewa ya yi gero yake ba su. Bai ce a niƙa ba."

"Ina ka san haka?"

Nan bakina ya buɗe. Na zazzage masa komai, wasiƙu, keken rubutu, rugage, ina yi ina haki. Ya yi dariya har ya cire gilashi. "Tarko ne na ɗana, ukku sun faɗa. Kai kuma ka ɓoye muna abin da muka biɗa. Litinin ka hwara aiki."

Ban san lokacin da na haye babur ba. Da na isa gida na tarar da yayana a zaure, na ce masa ɗanɗane ya yi rana. Ya rungume ni.

Tun daga ranar na daina jin kunyar hanyar da na biyo. Aikin da na so in goge daga takardata, shi ya ba ni alƙalamin da nake ci da shi har yau.