Jitar da Vernice Ta Ƙera wa Yayana

Matar yayana, Vernice Tackett, ba ta iya waƙa ba. Ba zagi ba ne, duk cocinmu an sani. Idan ta buɗe baki ranar Lahadi, mai kaɗa piyano sai ta ƙara dannawa da ƙarfi don ta rufa mata asiri. Amma ban taɓa ganin injin da ya gagare ta ba. Ita ce mai gyaran kekunan ɗinki a masana'antar riguna ta garinmu, nan arewacin Arkansas, 'yar guntuwar mace mai sukundireba soke a gashi, kullum hannunta na warin man keke.

Yayana Hoyt kuwa dogo ne kamar falwaya, kuma kunnen kiɗa gare shi. Babu bikin aure ko taron suyar tarwaɗa da za a yi ba da jitarsa ba. Ana nan sai wata ranar aiki, zarton injin katako ya ɗauke masa yatsu uku na hannun hagu, ya bar masa babba da manuni. Ciwo ya warke, amma danna tsirkiya ya ƙare. Ya tura jitar ƙarƙashin gado, ya koma zaman baranda, yana faɗa da kare, yana faɗa da rediyo, in na kawo masa wake da burodin masara ya ce gishiri ya yi yawa.

Da bazara wasu makaɗa suka zo daga Tulsa suka yi wasa a zauren 'yan kwana-kwana. Hoyt ya ƙi zuwa, sai muka tafi ni da Vernice. A cikinsu akwai mai jitar nan ta kwance, wadda ake zama a gabanta kamar tebur, ana goga mata sandar ƙarfe da hannun hagu, ƙafa na taka feda, gwiwa na ture wasu ƙarafa, sautin na miƙewa yana lanƙwasa kamar mai kuka. Kowa na kallon fuskar mutumin, Vernice na kallon hannunsa.

"Opal," ta ce da ni, "ƙirga min yatsun da ya riƙe ƙarfen nan da su."

"Biyu na gani."

"Ni ma haka."

Da aka tafi hutu na neme ta na rasa. Can sai na hango takalmanta sun leƙo daga ƙarƙashin jitar. Tana kwance rigingine cikin rigar fita, tana taɓa sandunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, mai jitar na tsaye da kofin lemo yana kallonta. Ta fito tana kaɗe ƙura, ta ce masa, "Bawan Allah, ashe keken ɗinki ne kake ta yi wa mutane yanga da shi."

Washegari ta kwashe tarkacen gareji ta fara ƙera irin jitar. Abu na farko, katako busasshe mai tauri. Ta zagaya gida ba ta samu wanda ya kwanta mata ba sai allon tsakiya na teburin cin abincin mahaifiyarmu, wanda ake ƙarawa in an yi baƙi. Na iske ta ta riga ta sa masa zarto.

"Vernice! Teburin Mama ne fa!"

"Sau ɗaya a shekara kuke amfani da shi, ƙanwar miji. Riƙe min nan."

Na riƙe. Kirsimetin shekarar mun ci abinci gwiwar hannu na dukan gwiwar hannu, kawunmu Purvis kuwa a kan injin wanki ya ɗora farantinsa.

Fedoji uku ta yanko daga matakin wani mataccen keken ɗinki. Sandunan da ke haɗa feda da tsirkiya, da farko da wayar rataye riga ta yi su, ta taka sau biyu suka lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya, sai ta koma sandunan walda. Ƙananan ƙarafan da ke jan tsirkiya su sake ta, waɗanda makaɗa ke kira 'yan yatsu, da magagari ta goge su ɗaya-ɗaya daga guntun alminiyam, goma cif, har tafin hannunta ya yi kanta. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ya kai lasifika. Sai an naɗa masa wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Ta ɗaura shi a jikin kekenta, wurin naɗe zare, tana takawa a hankali, ni ina riƙe da wayar. Mun kusa gamawa na yi atishawa, waya ta tsinke. Ba ta zage ni ba, amma ta ce in ƙara zuwa da mura in gani.

Duk wannan Hoyt na baranda yana yi kamar bai san ana yi ba.

"Wai me kike ƙerawa ne a garejin can?" ya tambaye ta sau ɗaya.

"Abin yanka cuku, maigida."

"Mai ƙafa huɗu?"

"Babban cuku ne."

Da ta ɗaura tsirkiyoyi, sai aikinta ya tsaya cak, don a sauti ba ta san daidai ba, ba ta san karkace ba. Ta buɗe ƙofar gareji, ta jona lasifika, ta shiga gogawa. Jama'a, kare ya shige ƙarƙashin mota. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambaya ko akuya ce ta maƙale a shinge. Hoyt ya jure, ya jure, sannan ya daka tsawa daga baranda:

"Tsirkiya ta ukun nan! Ƙara ɗaure ta, don girman Allah!"

Ta murɗa.

"Ya yi yawa! Sassauta!"

Ta sassauta har ta wuce. Har yau ban san ko da gangan ta yi ba. Na tambaye ta, ta ce in je in tambayi kare. Sai ga Hoyt ya taso yana huci, ya ce ta matsa. Ya zauna, ya tura dogayen ƙafafunsa ciki, jita ta tashi sama gaba ɗaya a kan gwiwoyinsa, ƙafafunta huɗu na lilo. Ashe da tsawon ƙafarta ta auna.

"Wa kika ƙera wa wannan, 'yar tsana?"

"Wa ya ce naka ne? Cuku zan yanka."

Ranar na ji dariyar yayana, karo na farko tun ciwonsa. Vernice ta sauya ƙafafun jitar da bututun ruwa. Sandar gogawa kuwa guntun ƙarfen cikin injin mota ne ta goge shi har yana ƙyalli. Ya riƙe shi da yatsunsa biyu, ya juya shi, ya ɗora shi a kan tsirkiya. Ni dai na fita na ba su wuri.

Daga nan aikin ya zama na mutum biyu. Shi yana sama yana takawa yana saurare, ita tana ƙasa da ƙaramar sifana. "Ƙara kaɗan, tsohuwa." "Kaɗan ɗinka ko kaɗan ɗina?" Haka suka ci damina suna gardama. Ƙafarsa ta koyi feda, gwiwarsa ta koyi turi, hannun damarsa dama bai manta komai ba.

Ya fara fita da jitar a taron suyar tarwaɗa na kaka, da la'asar, filin coci cike. Waƙa ta farko ta tafi lafiya, har na ga kawu Purvis na share ido da hular kansa. Ana tsakiyar ta biyu fedar tsakiya ta maƙale, sauti ya tsaya a sama ya ƙi saukowa. Hoyt ya ci gaba da murmushi yana zufa, yana harbin fedar. Vernice ta miƙa min farantin kifinta, ta zare sukundireba daga gashi, ta rarrafa ƙarƙashi. Ba a tsayar da kiɗa ba. Da sautin ya sauko, tafin da aka yi mata ya fi nasa, abin da har yanzu bai yafe ba.

Da masana'antar riguna ta rufe, Vernice ta roƙi matattun kekunan aka ba ta, suka cika bayan gida. Ta ƙera wa mutane jitoci da dama, babu biyu masu kama da juna. In baƙo ya tambaya, Hoyt kan ce, "Mu muka ƙera." Ita kuma ta ce, "Ƙwarai, shi ne ya riƙe kofi."

Yanzu duka sun tsufa, amma Vernice ba ta zauna ba. Makon jiya ta ji cocin Methodist na ƙauyen gaba za su jefar da tsohuwar ogan ɗinsu, babban abin kiɗan nan mai kama da piyano, mai fedojin katako jere a ƙasa. Ta kira ni tun ban gama karin kumallo ba. Na ce mata bayana na ciwo, ba zan iya ɗaukar kaya ba. Ta ce ba bayana take nema ba, a-kori-kurata take so. Ranar Talata za mu je.