Tabarmar Hamadu a Gindin Famfo

Hamadu mai ba da mai maƙwabcina ne gida da waje. A unguwar Hausare katanga ɗaya ta raba mu, a wurin nema kuma titi ne kawai tsakanin shagon ɗinkina da gidan man da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Ina taka keke ina kallo aka yi shi, wani lokaci har allura ta soke ni.

Kakansa bafatake ne da ya shigo Garwa da goro ya ƙi komawa Kano. Ubansa ma ɗan kasuwa ne na a zo a gani. Hamadu ya gaji tsayinsu da fara'arsu, abu ɗaya ne bai gada ba: bakin tambayar mutum kuɗi. Kunya ta yi masa katutu. Da aka kafa masa tebur a kasuwa, jama'a suka kwashe kayan da "sai na dawo", daga ƙarshe teburin ma wani ya ara. Ganin haka wani kawunsa ya sama masa aikin famfo a hannun Misye Georges, manajan gidan man, wani gajeren mutumin kudu wanda duk Fulatancin da ya iya bai wuce na zagi ba.

Dokar Georges ɗaya ce. Duk man da famfo ya zubar, kuɗinsa ya fito a jakar mai famfo da yamma. Abin da bai fito ba a albashi za a yanka. Shekarun farko abin bai dami kowa ba, don masu motoci ne ke zuwa, su kuwa ba sa gudu.

Sai ƙasa ta shiga matsi. Aka zaftare albashin ma'aikata, darajar kuɗin sefa ta faɗi, samari har da masu takardun makaranta suka hau babur suna ɗaukar fasinja, waɗanda muke kira 'yan kilando. Yawancinsu mutanen kirki ne, amma a cikinsu aka sami masu wata sabuwar sana'a. Mutum zai tsaya a famfo, ba zai sauka ba, ba zai kashe inji ba, da an rufe masa tanki sai ka ji fuuu. Hamadu ya bi shi da gudu, jaka na dukan cinyarsa, yana ɗaga hannu yana cewa, "Malam, ka manta! Malam, ka yi mantuwa!" Ko a guje ba ya iya kiran mutum ɓarawo.

Georges ya saya masa usur. Hamadu ya yi ta busawa, ba mai waiwayowa sai awakin unguwa. Georges ya ce to daga yau a biya kafin a zuba.

"Patiron, maigida," in ji Hamadu, "in dubi mutum da gemunsa in ce ya biya bai ga mai ba? Ai ɓarawo na kira shi ke nan a gaban jama'a. Gobe da wane ido zan gaishe shi a masallaci?"

"Da idon da kake kallon albashinka," in ji Georges. "Ekute biyen, saurara da kyau, Hamadu. Babur ɗaya ya sake gudu, kai ma ka bi shi, kada ka dawo."

Na ga Hamadu a ranar ya tsallako shagona ya zauna kan ƙyallaye. Tausayinsa ya kama ni, domin aikin nan shi ne tuwon gidansa, kuma a Garwa ta lokacin wanda ya rasa aiki ya rasa ke nan.

Washegari sai ga shi da tabarmar matarsa Iyatu a hammata da tulun ruwa a ka. Ya shimfiɗa ta a inuwar dogonyaro kusa da famfo. Ɗan kilando na farko da ya tsaya, Hamadu ya tare shi da hannu biyu.

"Jaɓɓaama, sannu da rana! Haba, a wannan zafin? Sauko ka sha ruwa, bisimilla ga tabarma."

Wa zai hau tabarmar mutane da takalmi? Yaron ya kashe inji, ya tuɓe, ya zauna, aka miƙa masa moɗa. Kafin ya gama sha an cika tanki. Mutumin da ke zaune ba takalmi, moɗa a hannunsa, ta ina zai gudu? Wanda kuma ya sha ruwanka ya ce useko, wato na gode, ko Shaiɗan na zuga shi sai ya ji nauyi. Shi da kansa ya laluba aljihu ya biya, Hamadu bai buɗe baki ba. Tun daga ranar sata ta ɗauke kamar ruwan bazara.

Amma baƙo ba ya zama a kan ruwa kaɗai har abada. Da sanyi ya shigo wani ya ce ruwan nan yana kama haƙori, sai aka koma shayi. Georges ya hana hura wuta kusa da famfo, don haka Iyatu ce ke dafawa a gida ta ɗuro a filas. Wanda ya sha shayi da safe kuwa cikinsa zai tambayi ƙosai. Abakar, wani dogon Bakuseri da 'yan kilando suka ɗauka shugaba, ya mai da tabarmar ofishinsa. Har masu shan zuwa-zuwa, man kwalba da ake shigowa da shi daga ƙetaren iyaka ta Mayo-Oulo, sukan sayi mansu a bakin titi su zo nan shan shayi.

Ciniki ya ƙaru, Georges ya fara tumbi. Da Hamadu ya yi ta maza ya ce masa ko kamfani zai taimaka da sukari, sai ya ce, "Ni mai nake sayarwa. Baƙinka ne."

Iyatu ba ta da kunyar mijinta ko kaɗan. Ta katanga nake jin ta. "Malam, a da ɓarayi ke cin albashin, yanzu baƙi ke shanye shi. Ɓarayin ma sun fi, su ba sa barin mini wanke-wanke." Ta yi haƙuri har ya ƙare. Ran nan da hantsi ta yafa mayafi ta zo gidan man, ta ce wa Abakar ya ɗaga, ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki filas ta yi gaba. 'Yan kilando suka tsaya cirko-cirko a gindin dogonyaro suna gunaguni.

Kamar jira ake, sai ga wani baƙon fuska a kan babur, ya naɗe baki da rawani, ya ce a cika. Hamadu ya dubi inda tabarma take ya ga ƙasa. Ba abin da zai ce wa mutum ya sauko ya zauna a kai. Ya zuba, ya rufe tanki. Fuuu.

"Malam, ka manta!"

Ni na zaci aiki ya tafi ke nan, don Georges na tsaye a ƙofar ofis. Amma Abakar ya daka tsawa, "Yalla! Ɓarawon Baba Hamadu!" Babura suka tashi gaba ɗaya. Waɗanda ke kan titi suka ga ana gudu su ma suka bi, ba su san abin da ake bi ba. Sai da aka tsallake gadar Binuwai aka cim masa, aka dawo da shi a tsakiya ana ta oda kamar an ɗauko amarya. Ya biya. Hamadu ya ɗauko buta ya ba shi ruwa, wai ya sha rana.

Ina cikin murna sai na ga babura suna jera layi a famfo. Abakar ya buɗe tankinsa ya leƙa. "Baba, wallahi man ya ƙone ƙurmus, don kai muka ƙona shi." Na bayansa ma haka. Har da wani da na gani da idona ya kai fasinja kasuwa ne ya dawo. Hamadu ya dubi mutanen da suka ceci aikinsa, ya ɗauki bakin famfo ya yi ta zubawa yana godiya.

Na ajiye almakashi na tsallaka, raina a ɓace, na ce wa Georges ai wannan kamfani ya kamata ya ɗauka. Ya dube ni sama da ƙasa. "Tela, an saci mai yau? Ba a sata ba. Wannan kado ne, kyauta. Mai kyauta shi ke biya." Watan nan Hamadu hannu na dukan cinya ya koma gida.

Da safe Iyatu da kanta ta ɗauko tabarma da filas, ta shimfiɗa a gindin dogonyaro, ta dubi Hamadu ta ce, "Shayi ya fi araha."

Haka aka ci gaba shekara da shekaru. Georges ya sami ƙarin girma aka mai da shi kudu, wai gidan mansa ne kaɗai ba a sata. Tabarma ta mutu Iyatu ta sayi wata, har ita ma Allah ya yi mata rasuwa. Ranar da Hamadu ya bar aiki, gwiwa ta ƙi, ya durƙusa yana naɗe ta ƙarshen da ta saya, sai sabon manaja ya leƙo ya ce a bar ta nan, ai kayan aikin gidan mai ce. Da Iyatu na raye da an ji su har gada. Hamadu ya warware tabarmar, ya share mata ƙura da hannunsa, ya ce wa manajan ya yi haƙuri.