Matar da Ta Rage Wa Gidan Saveta Daraja

Ƙarfe bakwai na safe, farin tururi na kwance a kan kogi, Veturia Bârsan take turo kekenta ta wuce ƙofar gidana. A kwandon keken akwai tef ɗin awo, da burodi da cuku, da tsinken saƙa guda ɗaya wanda bai taɓa saƙa komai ba. Shekara talatin da ɗaya tana yi wa ƙaramar hukumarmu aikin ƙiyasta darajar gidaje, wanda a kansa ake yanka wa kowa haraji. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ban ji ana shirya mata walima ba, ban kuma yi mamaki ba.

Ni ba mai yabo ba ne. Mutum na ƙarshe da na yaba matata ce, Lucreția, a bakin kabarinta, lokacin da yabon ba zai yi mata komai ba. Wannan karon ina so in riga ƙasa.

Veturia takan ce kowane gida a nan farashi uku gare shi: wanda ake faɗa a mashaya, wanda ake rubutawa a takardar ciniki, da wanda katakon rufi yake faɗa. Na ukun kaɗai take yarda da shi. Takan hau tsani ta soka tsinken a katakon. In ya turje, gidan zai ga jikoki. In ya nutse shiru, sai ta sauko a hankali kamar wadda ta fito daga ɗakin majinyaci.

Shekara uku da suka wuce Horia Tămaș ya dawo daga Italiya, inda ya yi shekara ashirin yana ɗora bulo, ya saye gidan da aka haife shi a layinmu. Ninki huɗu na darajarsa ya biya, domin mai gidan ya ga ƙwalla a idonsa. Shi ne ciniki ɗaya tilo a layin cikin shekara goma, na'urar ofishin lardi kuwa ba ta san kewa ba. Ta ɗauki farashin ta shafa wa gidaje goma sha bakwai. A tsallaken kogi wani lardi ne, gidajensu irin namu, itatuwan tuffa irin namu, amma harajinsu bai kai sulusin namu ba. Da yamma hayaƙinmu da nasu sukan haɗu a tsakiyar ruwa, na sha tsayawa ina neman wanne ne mai tsadar.

Maƙwabciyata Inna Saveta tana da shekara tamanin da biyu, fanshonta ko itacen hunturu ba ya saya. Ɗanta ya ga takardar harajin, ya ce a sayar da gidan ta koma wurinsa birni, hawa na tara. Ina jingine da shinge ranar da Veturia ta zo.

"Inna, zan hau rufi."

"Ki hau ki yi me? Zauna ki ci tuwon masara. Marigayi da hannunsa ya ɗora rufin nan, ko na coci bai kai shi ba."

"Allah ya ji ƙansa. Riƙe min tsanin."

Ta hau, ta jima, ta sauko a hankali.

"Ya ruɓe, Inna."

"Haƙoranki ne suka ruɓe. Kada ki kuskura ki rubuta."

"Na riga na rubuta."

Haka ta bi gidaje goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, har da nawa, wanda ta ce ni da shi muna tsufa tare. Sau huɗu ta hau motar haya zuwa ofishin lardi da kuɗin aljihunta. Horia ya raka ta zuwa na ƙarshe, shi ya ba ni labari. Wani mai sabuwar kwat ya ce mata, "Madam, kasuwa ce ta yanke farashi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kasuwa ba ta sayi gidan nan ba. Maraya ne ya saye shi, ga shi nan zaune."

Kafin kaka aka mayar da ƙiyasin inda yake a da.

Ke ce, Veturia, wadda karnuka suka sani, masu gida suka tsana. Ke ce kika shiga gidajenmu kika gan su yadda suke, alhali mu kanmu mafarkinsu muke gani. Kin ƙara wa masu hali sun zage ki, kin rage wa marasa hali su ma sun zage ki.

Ku kuma matasan da za su gaji kujerarta, na ji an sayo muku hotunan layinmu da aka ɗauka daga sama. Suna da kyau. Ku ajiye su, ku zo ku ƙwanƙwasa ƙofa.

Na gode, Veturia, a madadina da madadin Inna Saveta. Ita ba za ta gode miki ba, ta ce kin tozarta rufin mijinta a gaban hukuma. Kowace Lahadi in an tashi daga coci takan juya miki baya, ta dogara sandarta, ta taka a hankali ta koma gidanta.